Na'urar ta zo Tabla, Inna ta juya

Abin da na fara gani da muka sauka daga amalanken jaki a ƙofar gidan likita na Tabla shi ne mata suna shan ruwa. Sun jeru a gindin katanga inda 'yar inuwa ta rage, kowace da abin shanta, wata buta, wata kwano, wata ledar ruwa tana tsotsa kamar yarinya. Ba ƙishi ke sa su ba. An gaya musu na'urar da ake kira eko, mai nuna abin da ke cikin cikin mutum, ba ta gani sosai sai mara ta cika, don haka kowa ta sha ta riƙe. Tsofaffi na matse ƙafafu, ƙananan mata na dariya ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta ce wa ta kusa da ita in ba a kira ta yanzu ba, to likita zai ɗauki hotonsa a ƙasa.

Hadiza da Bashiru, ku nake rubuta wa wannan, domin ranar kuna gida, kuma kun yi ƙanƙanta. Abin da kuka tashi kuna ji shi ne ƙauye ba shi da kayan aiki, talaka ba shi da gata, da Innarmu a birni take da an gano ciwonta da wuri. Rabin gaskiya ke nan, kuma ya fi ƙarya ƙona mini rai. Kayan aiki sun zo. Da idona na gan su. Wata farar mota ce ta wata ƙungiya ke yawo da na'urar kasuwa-kasuwa, kuɗin dubawar bai kai na tiya biyu ta gero ba, kuma Inna ta je har bakin ƙofar ɗakin, ta sha ruwanta kamar kowa. Ni ina bayanta, riƙe da butarta.

Tun lokacin sanyi na lura da ita. Kun san ni ba mai magana ba ce, a lakwal ma malamai kan manta ina cikin aji. Amma ina kallo. A shekarar ina kolej a Filinge, ina zaune gidan wani abokin Baba, sai hutu ke kawo ni gida. Da na zo na ga bakin zanen Inna, wanda da yake zagayawa har bayan ƙugu, yanzu a gefe yake tsayawa. Na ga tana daka sai ta dakata ta jingina goshi da taɓarya. Loma kaɗan take yi ta ce ta ƙoshi. Ciki na tasowa, wuya da damatsa na zubewa, har awarwaronta kan gangaro zuwa gwiwar hannu in ta miƙa ta sauko da ƙwarya. Gwaggo Ramatu, yayar Baba, wadda ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ita ta fara raɗa wa abin suna.

"To fa! Tsohuwar randa ta sake ɗaukar ruwa. Goyo za ki yi tare da matar ɗanki ke nan?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Matar Yaya Lawali ba ta jima da haihuwa ba, kuma a wajenmu abin kunya ne mace ta haihu bayan jikanta. Daga ranar Inna ta koma ɗaura zani a ƙirji, ta daina zuwa suna da biki.

Ku kun san Yaya Lawali ne a matsayin babban wanmu mai kawo muku biskit daga Yamai. Yadda suke da Inna ne ba ku gani ba. Shi ne ɗanta na fari. Ana yaye shi aka miƙa wa Gwaggo, kamar yadda ake yi, kuma ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Ɗan Gwaggo take ce masa, ko mutumin Yamai. In ya zo gaishe ta a bakin ƙofa yake tsugunnawa, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa a gajarce. Amma ita ke dama masa fura da kanta, ta zuba nono fiye da na kowa, ta ba ni in kai, ta ce in ce Gwaggo ce ta aiko. Ya karanci aikin jinya, daga baya aka koya masa aiki da eko, ya shiga motar ƙungiyar. Shi ne da ya zo sallah ya dube ta ta wutsiyar ido, ya koma ya kira Baba a waya ya ce a kawo ta Tabla ranar kasuwa. Inna ta yarda ne don dalili guda: an ce akwai wata madam ungozoma a motar, ita ke duba mata, shi kuwa maza da yara.

Bazara ce, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Gwaggo na tare da mu, Baba kuwa ya wuce kasuwa. Layi na matsawa a hankali. Da muka kusa ƙofa na leƙa ta gefen taga. Na'urar ba ta fi tiren shayi girma ba. Igiya ce ta fito daga jikinta, a ƙarshen igiyar wani abu kamar guntun sabulu, shi ake gogawa a ciki, hoto ya fito a allo, baƙi da toka-toka. Sai na ga hannun da ke riƙe da shi, da tabon ƙuna a gindin babban yatsa. Na gane hannun Yaya ne kafin in ga fuskar. Madam ba ta zo ba. Daga baya muka ji an mayar da ita aiki Yamai, ba a kawo wata a madadinta ba, kuma Yaya ya yi ta kiran Baba waya ba ta shiga. Sauran matan ba ruwansu, su dai likita likita ne. Aka ɗaga labule, wata ta fito tana gyara zani tana sauri zuwa makewayi, murya daga ciki ta ce mai bi ta shigo.

Inna ta riga ta ɗaga ƙafa. Ta mayar da ita. Ta ja mayafinta har ya rufe mata fuska.

"Lawali ne?" in ji Gwaggo, da ƙarfi yadda duk layin zai ji. "Subhanallahi! Ina madam ɗin da anka ce?"

Yaya ya fito yana cire safar hannu. Da ya gan mu ya tsugunna nan bakin ƙofa, da farar rigarsa, a gaban matan. Bai dubi Inna ba, Gwaggo ya duba.

"Gwaggo, ki ce wa mutanen gida su shigo. Aiki ne. Yanzu za a gama."

"Aiki? Ka leƙa ɗakin da ka kwana wata tara, shi ne aiki? Ni na raine ka, Lawali, ban raine ka haka ba."

Magana ta bi layi kamar wuta a kara. Ɗan fari ne, ɗanta na fari ne. Tsohuwar nan mai barkwancin hoto a ƙasa ta manta da matsuwarta, ta ɗaga hannu tana sa albarka.

"Wagga ɗiyar mutane ce. Allah shi yi miki albarka, baiwar Allah. Irinku sun ƙare."

Ban san inda na samo murya ba. Ƙarama ce, amma ta fita.

"Inna, ki shiga."

"Ke, rufa mana baki," in ji Gwaggo. "Abin da lakwal ke koya muku ke nan?"

Inna ta karɓi butar daga hannuna, ta zagaya bayan gini inda makewayi yake. Duk wadda ke layin ta san ma'anar wannan. Ruwan da ta wuni tana riƙewa ta je ta zubar, ko an roƙe ta yanzu na'urar ba za ta ga abin kirki ba. Ta dawo fuskarta a wanke, ta ce mu tafi. Muka sami Baba a kasuwar dabbobi yana taya wani cinikin akuya. Gwaggo ta ba shi labari tana tafa hannu. Har yau in na rufe ido ina ganin murmushin da ya yi, murmushin mutumin da aka yaba wa gonarsa.

"Ai da ta shiga da na yi mamaki," ya ce.

Motar ta tashi kafin la'asar, domin a shekarun nan, saboda rashin tsaro, babu direban da ke so rana ta faɗi yana kan hanya. Ta yi wajen Sanam. Sai damina ta sauka, hanyoyi suka yanke, ba mu ƙara ganinta ba.

Za ku tambaya me ya hana a kai ta Filinge ko Yamai, inda mace za ta iya duba ta. Ni ma na tambaya, a hutun damina, ina miƙa wa Baba ruwan wanke hannu, idona a ƙasa. Ya ce bari a gama noma. Aka gama noman fari ya ce bari a yi maimai. Kuma me zai sa a yi gaggawa, tun da gidan ya riga ya yanke cewa ciki ne? Watannin haihuwa suka cika suka wuce, babu naƙuda. Na ce yanzu kam dole a tashi. Sai Gwaggo ta kawo wani sunan.

"Kwantawa ya yi. Na san wadda nata ya yi shekara uku yana barci, ya tashi, ga shi can yana tuƙa mota."

Wannan shi ne abin da ke tafasa mini zuciya har yanzu. A gidanmu duk abin da aka samar wa suna an gama da shi. Ciki ne, ya kwanta, kunya ce, lokaci ne. Da an faɗi sunan kowa sai ya koma kan tabarmarsa. Aka kawo rubutu ta sha, aka dafa saiwoyin tayar da ciki, ta sha ta amayar. Ƙafafunta suka kumbura, in na danna da yatsa gurbin ya daɗe bai cike ba. Yaya ya zo ya ce a tafi da ita, Gwaggo ta ce shi yaro ne, me ya sani a sha'anin mata. Ya haƙura, don ita ta goya shi. Mutumin da ya wuni yana gaya wa matan wasu gaskiyar cikinsu, a tsakar gidanmu bai iya ɗaga murya ba.

Da aka koma lakwal bayan girbi na ji motar tana Filinge. Na je inda suke ajiye ta, na tarar da Yaya a inuwa yana goge igiyar na'urar da tsumma. Na gaishe shi. Da can iyakar maganata da shi ke nan, gaisuwa. Ranar fushi ya fi kunyar nauyi.

"Yaya, dole sai idonka ya ga cikin mutum?"

"A'a. Allon nake kallo."

"To hannun fa? Dole sai naka?"

Ya daina gogewa.

"Na yi wanga tunani tun ranar Tabla," ya ce. "Akwai labule cikin ɗakin. Akwai tsohuwar ungozomar wurin, da ta riƙe, ni ina gaya mata daga baya. Amma matan nan na kallona, Gwaggo na magana, sai bakina ya mutu."

Na so in kwaɗa masa tsumman a fuska, babban wana, wanda ko sunansa ba na faɗa gatsau. Ya san hanyar tun bazara, ya ajiye ta a cikinsa har gero ya shiga rumbu. Ban yi komai ba. Na tsaya hawaye na zuba a kan littattafaina, shi kuma ya tashi ya je ya roƙi shugabansu aron na'urar ranar hutunsa. Kafin mu tafi ya nuna mini yadda ake riƙewa, yadda ake karkatawa, ya ce kada in ji tsoron dannawa.

A gida Gwaggo ta tayar da rigima, ta ce ko ta bayan dutse ne ɗa ɗa ne. Amma a lokacin Inna ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, numfashi na yi mata wuya, Baba kuma ya tsorata. Ya ce a yi. Na shiga na gaya wa Inna. Ta rufe ido.

"In dai ba ya ganina."

Bashiru, kai ka miƙo wa Baba dutsen da ya buga ƙusa da shi, ko da ba ka tuna ba. Aka rataye tabarma a tsakiyar ɗaki. Yaya ya zauna a wancan gefen da allon a cinyarsa, igiyar ta biyo ta ƙarƙashin tabarma zuwa hannuna. Na kwance zanen Inna. Ban taɓa ganin cikinta ba sai ranar. Fatar ta ɗame tana sheƙi kamar bayan ƙwarya, jijiyoyi sun fito. Na shafa man da Yaya ya ba ni, mai sanyi, ta ɗan zabura.

"Zalika, fara daga ƙasan cibiya. Yi dama. Dakata nan. Danna kaɗan."

Da ni yake magana, ita ma da ni take magana, ga su kamu ɗaya ke tsakaninsu.

"Ki tambayi Gwaggonki ko an ba baƙo fura," in ji Inna, ina tsakiyar dannawa.

"Ki ce an ba ni," ya amsa daga bayan tabarma. "Yi sama kaɗan. Karkata."

Ta ƙasan tabarma ina ganin ƙafafunsa, na ga yatsun sun lanƙwashe sun kama ƙasa. Na riƙe abin a wurin har hannuna ya gaji.

"Zalika, ki ce wa mutanen gida ba ciki ba ne. Ƙari ne, da ruwa. Gobe sai Yamai."

Ban maimaita ba, ta ji. Ta jawo zanenta da kanta.

"Ki ce mishi na ji. Na daɗe da sani. Wadda ta haifi bakwai ta san motsin ɗa."

Ta sani! Duk watannin nan da ake yi mata ba'ar goyo, da take shan saiwoyi tana amai, ta san babu kowa a cikin nan, ta zaɓi a yi ta ce mata mai ciki da a ce ta kwanta gaban ɗanta. Ina goge mata man ina jin haushinta, ita ma, kuma ba zan ɓoye muku ba. Uwata ce, ina sonta fiye da idona, amma ta bar ku don kada matan layi su yi da ita. Dubawar duka ba ta kai dahuwar shayi ba. Tabarma ce kawai da ƙusa. Dattawa cike da gida, babu wanda ya kawo wannan a ransa, don kowa ya shagala da yabo.

Su ma masu motar ban yafe musu ba. Sun auna nisan hanya, sun rage kuɗi, sun samo na'ura mai aiki da batir, sun kyauta. Amma ba su tambayi ko mace ɗaya a ƙasarmu ta Kurfai wane ne take yarda ya ɗaga mata zani ba. Madam ta tafi, suka ce ai akwai Lawali, shi ma ya iya. A ƙasar da kowa dangin kowa ne, likitan da ka turo ɗan wata ne, surukin wata ne, mijin ɗiyar wata ne. Inna ce na gani ta juya don ina bayanta. Allah kaɗai ya san nawa ne suka leƙa ta taga suka koma kasuwa ba su ce komai ba.

Ni da Gwaggo muka raka ta Yamai. Likitar da ta duba ta mace ce, Hausarta da karin Zabarmanci. Ta kira mu waje, ta tambayi tun yaushe cikin ya fara tasowa. Gwaggo ta ce tun sanyi.

"Tun sanyin bara? Kuma sai yanzu? Babu inda aka duba ta?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Da bazara kuka zo, da abin da zan iya yi yana da yawa. Yanzu kaɗan ya rage mini."

Gwaggo ta ƙura wa takalmanta ido. An yi aikin, an dawo da Inna gida, ta ga sanyi, ba ta ga ruwan fari ba. Ba na cewa da ta shiga ɗakin nan a Tabla da tana raye. Ajali na Allah ne, kuma likitar ma ba ta yi alkawari ba. Abin da na sani shi ne damar ta zo har kasuwarmu a cikin farar mota, aka kore ta da sa albarka.

Na ɗauka abin da Gwaggo ta ji a Yamai zai kashe labarin. A zaman makoki na ji ta tana ba matan da suka zo labarin, ranar Tabla daga farko, muryar Lawali, mayafi, buta. Mata na girgiza kai suna cewa Allah ya ji ƙan mai kunya. Tun daga nan ya zama labarinta na biki da na suna, da shi take yi wa amare faɗa. Kullum a wuri ɗaya take tsayawa, inda Inna ta dawo fuskarta a wanke ta ce mu tafi. Ni kuma kullum in tashi in bar wurin.

A hutun da ya wuce, da hantsi, ina wanke-wanke a bakin randa. Ke Hadiza kina zaune tsakanin ƙafafun Gwaggo tana yi miki kitso, kanki a cinyarta. Ta fara labarin. Na ga kin daina wasa da mataji, idonki ya buɗe, kina sha kamar yadda ake shan karatu. Ta kai wurin butar, ta ja miki gashi a hankali ta ce haka ɗiyar asali take, ki yi koyi da uwarki. Na ajiye kwanon. Na zo na tsugunna a gabanta, hannuwana na ɗigar ruwa, kaina a ƙasa kamar yadda ta koya mini.

"Gwaggo, don Allah, don Annabi, in za ki ba ta labarin nan, ki kai mata shi har Yamai. Ki faɗa mata abin da likitar ta ce a gabanki."